Baƙar Leda a Fitilar Mota: Gayu Ko Ganganci?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke nan Ibadan, musamman masu tsofaffin Golf da Corolla, mu faɗa wa juna gaskiya. Fitilar tsohuwar mota dama ta riga ta dushe, sai kuma ka manna mata baƙar leda wai gayu. To da me za ka hango rami tsakanin Jebba da Mokwa ranar tafiya gida da daddare?

Kuma kar a ruɗe ka da takardar tintak ta 'yan sanda, ta gilashi ce, ba ta fitila ba. 'Yan Road Safety na da hurumin tare ka kan fitila.

Don Allah ɓare ta, ka kai a goge maka fitilar. Digiri iyayenmu ke jira, ba gawa ba.