Abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna kan yaran da maleriya ke sumarwa

Duk damina labarin ɗaya ne a asibitocin Kano, Katsina, Sakkwato da Maraɗi: yaro ya kwana biyu da zazzaɓi, sai jijjiga, daga nan sai doguwar suma. Likitoci na kiran wannan maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa. An daɗe ana rasa irin waɗannan yara ko bayan an yi musu allura, ba tare da sanin takamaiman abin da ke tsayar da numfashinsu ba.

Amsar ta fito ne daga Blantyre ta ƙasar Malawi, inda asibitin Queen Elizabeth ya samu na'urar MRI a 2008. Tawagar Dokta Terrie Taylor ta Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 masu wannan cuta, aka wallafa sakamakon a 2015. Yara 25 sun rasu, kuma 21 daga cikinsu, wato kashi 84 cikin 100, ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa. A cikin waɗanda suka rayu kuwa, kashi 27 ne kawai aka ga irin wannan kumburi.

Ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura sai ta danne sashen da ke sarrafa numfashi, yaro ya daina shaƙar iska. Amma hotunan sun nuna wani abin ƙarfafa gwiwa: yaran da suka tsallake kwanakin farko, kumburin nasu ya riƙa sacewa. Shi ya sa masu binciken suka kawo shawarar a gwada tallafa wa numfashin yaro da na'ura har kumburin ya sauka.

Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, don haka darasin nata ne kafin kowa. Ba sai an kai MRI kowace ƙaramar hukuma ba. Abin da ya wajaba a kan gwamnonin jihohi shi ne kada ɗakin gaggawa na yara ya rasa allurar artesunate, iskar oksijin, jini, wutar lantarki da ma'aikacin da zai kwana yana lura da numfashin yaro. Asibitocin ƙauye kuma su samu motar da za ta garzaya da maras lafiya gari.

Iyaye ma da nasu nauyin. Yaron da ke jijjiga ko ya kasa farkawa ba na turare da ɗura ba ne, domin ruwan da aka ɗura wa sumamme huhu yake tafiya. A kwantar da shi a gefe, a yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Da sanyin safiya ake kama fara. Duk sa'ar da aka ɓata a gida, kumburin ƙaruwa yake yi.