Farin Magi Da Ciwon Zuciya: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Kwanakin baya na tsaya cin abinci a Kwanar Ɗangora, sai gardama ta kaure tsakanin wasu dattawa biyu. Ɗayansu ya rantse cewa farin magi ne ke jawo ciwon zuciya, shi ya sa ya hana shigarsa gidansa, amma a kan idona ya ɗebi gishiri ya barbaɗe shinkafa da wakensa. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Sinadarin da ke cikin farin magi sunansa gulutamet, kuma wani masani ɗan ƙasar Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa shi ke ba romo ɗanɗano. Ba baƙo ba ne a wurinmu, domin daddawar da iyayenmu mata ke yi da kalwa a ƙauyukan Kiru da Bebeji da Doguwa daga gare shi take samun garɗinta, yana kuma cikin tumatir da nama har da nonon uwa.

Jikin ɗan Adam ma yana samar da nasa, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo da shi ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ƙwayoyin halitta, kuma an gano irin ƙofofin nan a zuciya. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa idan aka matsa wa ƙofofin fiye da kima, sinadarin kalsiyam yakan kwarara cikin ƙwayoyin, bugun zuciya ya rikice, a kuma samu wata lalacewa mai kama da tsatsar da ke cin ƙarfe. Sai dai ɗura wa ɓerayen ake yi, sau da yawa ta allura, alhali wanda muke ci a miya hanji ne ke ƙone mafi yawansa kafin ya kai ga jini.

Abin da babu gardama a kansa shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali guda. Sodiyam, wanda yawansa ke tayar da hawan jini, kusan kashi 40 cikin 100 ne na gishiri, a farin magi kuwa kashi 12 ne. Amma a tukunya guda sai a zuba gishiri, a marmasa ɗunƙulen magi uku waɗanda kusan rabinsu gishiri ne, a ƙara farin, sannan a jefa kanwa, ita ma mai sodiyam.

Idan ɓarin jikin magidanci ya shanye ana tsakiyar girbin shinkafa a Tudun Wada, gida guda ne ya durƙushe. Don haka a nawa ra'ayin, uwargida ta zaɓi ɗaya ta rage sauran, maigida ya daina neman ƙarin gishiri, duk wanda ya haura shekara 40 kuma ya riƙa zuwa asibiti mafi kusa ana auna jininsa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.