Cike Fom Ɗin Jami'a Ma Darasi Ne, Mu Koya Wa 'Ya'yan Zango

Duk shekara, idan hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawar WASSCE, gidajen zango kan cika da barka. Daga Nima da Mamobi da Fadama a Akra, zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ana kiran dangi a waya ana shaida musu cewa yaro ya ci, yarinya ta fito da sakamako mai kyau. Bayan 'yan watanni jami'o'i su fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai mu iske wasu daga cikin waɗanda muka yi wa barka suna zaune a gida. Shekara ta zagayo, yaron ya koma jiran shagon kawunsa, yarinyar kuwa an fara zancen aurenta, mu ce haka Allah Ya ƙaddara, mu rufe maganar.

Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya zauna da waɗannan yara ya tambaye su yadda aka yi, zai ji labarai masu kama da juna. Wannan ya zaɓi kwasa-kwasan da makinsa bai kai ba, dukkansu. Waccan sunanta na takardar jarrabawa ya saɓa da na Ghana Card. Wani ya miƙa kuɗi da takardunsa ga mai shagon intanet, aka cike masa fom bai karanta ko layi ɗaya ba. Wani kuma sai da aka rufe karɓar fom ya ji labari. Duk waɗannan kurakurai ne da darasin awa biyu zai iya karewa. Ra'ayinmu shi ne neman gurbin jami'a ilimi ne mai ƙa'idoji, ana iya rubuta shi, ana iya koyar da shi, kuma al'ummarmu ce ya kamata ta tanadi kayan koyar da shi da harshen da iyaye suke ji.

Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, yaran da ke kammala babbar sakandare sun ƙaru a ko'ina cikin Ghana, har da zangunanmu. Da yawa daga cikinsu su ne na farko a gidajensu da suka kai wannan mataki. Ɗan malamin jami'a yana jin zancen agirigat da kwas tun yana ƙarami, a bakin uwa da uba. Ɗan mahauci ko ɗiyar mai sayar da wake da shinkafa, ko da sun fi shi ƙwaƙwalwa, babu wanda za su tambaya a gida. Iyayen nan ba su yi sakaci ba, sun sayi littattafai, sun biya kuɗin darasin ƙari, sun kwana suna addu'a. Hanyar ce ba su taɓa bi ba, don haka ba su san inda ramukanta suke ba.

Kayan koyarwar da muke nufi ba wani babban kundi ba ne. Ɗan littafi ne na shafi ashirin ko talatin, da Hausa mai sauƙi, kalmomin fom na Turanci kuma a bar su yadda yaro zai gan su a fuskar waya, a yi bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. A haɗa shi da saƙonnin murya na minti uku-uku da za a tura a WhatsApp, domin iyaye mata da maza da ba sa karanta boko. Darussan da zai ƙunsa kuwa sanannu ne.

Darasin farko na 'yan ƙaramar sakandare ne, domin ƙofar jami'a tana fara buɗewa ko rufewa tun ranar da yaro ya cike takardar zaɓen makaranta da fanni. Wanda ke son likitanci ko haɗa magunguna sai ya bi fannin kimiyya. Wanda ke son injiniya yana buƙatar lissafin zaɓi da fizis da kemistiri. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ya zaɓi fanni don abokinsa ya zaɓa, ba zai gane abin da ya yi ba sai bayan shekara uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka wannan darasi ya kamata ya iso ga yaro da iyayensa tun yana aji biyu.

Darasi na biyu shi ne lissafin agirigat. Makin WASSCE yana tafiya ne daga A1 zuwa F9, kuma don neman digiri ana buƙatar A1 zuwa C6 a darussa shida: uku na dole, wato Turanci da lissafi da kimiyya ko nazarin zamantakewa, sai uku na zaɓi. Ana tara lambobin, kuma gwargwadon ƙanƙantar jimilla gwargwadon ƙarfinta, shida ce mafi kyau. A ɗauki yarinyar da ta sami B2 a Turanci, B3 a lissafi, B2 a kimiyya, sannan B2 da B3 da B3 a darussan zaɓi. Jimillarta goma sha biyar. Sakamako ne na alfahari, amma likitanci a Legon ko KNUST yakan tsaya ne ƙasa da goma. Idan ta cika duk guraben zaɓinta da kwasa-kwasai masu irin wannan tsada, za ta zauna a gida da sakamakon da zai iya kai ta wasu fannoni masu kyau da yawa. Littafin ya koya mata ta duba makin da aka tsaya a kai bara, ta sa buri ɗaya a sama, ta sa wanda ya yi daidai da ita a tsakiya, ta sa wanda take da tabbas a kansa a ƙasa. Ya kuma koya wa mai D7 a lissafi ko Turanci cewa ya yi rajistar Novdec da wuri, ya gyara darasin, maimakon ya ɓarnatar da kuɗin bauca.

Darasi na uku namu ne fiye da na kowa, wato sha'anin suna. Mutum ɗaya a zango yana iya zama Muhammad a makarantar allo, Mohammed a rajistar firamare, Mahama a bakin maƙwabta. Haka Abubakar da Bukari, Ibrahim da Braimah, Husaini da Fuseini, Zainab da Zenabu. Wani lokaci a sa sunan uba, wani lokaci na kaka, ranar haihuwa ma ta bambanta daga takarda zuwa takarda. Kwamfuta ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Gyara bayan an buga takardar shaida yana cin kuɗi da lokaci, da rantsuwar kotu da zirga-zirgar ofisoshi. Kafin rajistar jarrabawa kuwa, zama ɗaya ya isa: a shimfiɗa takardar haihuwa da Ghana Card da rajistar makaranta a kan tabarma, a duba harafi bayan harafi.

Darasi na huɗu shi ne fom ɗin kansa. Yaro ya san inda ake sayen bauca ta gaskiya, ya ɓoye lambar sirrinsa, ya sa lambar wayarsa da imel ɗin da shi ne ke riƙe da makullinsa, tun da ta nan saƙon jami'a zai zo. Ya san cewa jami'o'i da dama suna karɓar fom daga masu jiran sakamako. Idan zai je shagon intanet, ya je da amsoshinsa a rubuce, ya zauna kusa da mai bugawa, ya karanta kafin a tura. Ya kuma san cewa duk mai cewa a ba shi kuɗi ya sama masa gurbi ta bayan gida, abin gudu ne.

Darasi na ƙarshe ya shafi kuɗi da sauran ƙofofi. Asusun lamunin ɗalibai, SLTF, ya daina neman mai tsaya wa ɗalibi tun 2022, Ghana Card ake nema. Akwai kwalejojin horar da malamai na gwamnati sama da arba'in, waɗanda ke ba da digiri na shekara huɗu tun 2018, cikinsu har da Al-Faruq a Wenchi. Akwai makarantun koyon jinya da jami'o'in fasaha. Wanda ya kai shekara ashirin da biyar kuma yana da hanyar shiga ta manya, ta jarrabawar da jami'a ke shiryawa. Yayyenmu mata da aure ya katse wa karatu sun cancanci su ji wannan.

Za a ce ai wannan aikin malaman ba da shawara ne na makarantun gwamnati. Haka ne, kuma ba mu ce a sauke musu nauyin ba. Sai dai malami ɗaya a kan ɗaruruwan ɗalibai ba zai bi kowane gida ba, kuma da Turanci yake magana, alhali a tsakar gida ake yanke shawarar ko yarinya za ta tafi Cape Coast ko Tamale, da Hausa ake yanke ta. Za a kuma ce ƙa'idoji na canjawa duk shekara. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa dole littafin ya ɗauki shekararsa a bango, a sabunta shi kafin kowace kakar fom, a kuma ɗauko kowace ƙa'ida daga sanarwar jami'ar da kanta, a bar jita-jitar guruf-guruf na waya.

Wasu dattawanmu za su ji nauyin a kawo zancen boko cikin makaranta ranar Asabar ko Lahadi. Muna tunatar da su cikin ladabi cewa Alhaji Umaru, malamin da ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete Krachi a 1934, ya rubuta littafi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, domin ya ga mutanen zamaninsa suna buƙatar sanin yadda ake tsara takarda zuwa ga sarki ko abokin ciniki. Bai ɗauki hakan a matsayin abin da ya gaza darajar malami ba. Fom ɗin jami'a shi ne wasiƙar 'ya'yanmu ta yau, kuma awa ɗaya a wata bayan an tashi karatu ba za ta rage wa Alƙur'ani komai ba.

Masu rubuta littafin suna cikinmu. Kowane zango yana da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ɗaliban jami'a da suka bi wannan hanya jiya-jiya, sun san inda suka yi tuntuɓe. Mutum biyar su zauna makonni uku, su rubuta, su ba wani ya duba, masu murya mai daɗi su ɗauki saƙonnin. Sarkin zango ya ba da wurin taro, liman ya sanar bayan sallar Juma'a, ƙungiyoyin mata su tura saƙon gida-gida. Kuɗin buga kwafi ɗari ba zai kai abin da muke kashewa a suna ɗaya ba.

Mu fara da ƙaramin aiki a wannan mako. Kowa ya duba gidansu da gidan maƙwabcinsa, ya rubuta sunayen yaran da ke ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare da na babba, ya kai wa malamin makarantar unguwa. Da wannan jerin sunaye za a kira zaman farko, kowane yaro ya zo da takardunsa da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani.