Lofen Kakana da Tukunyar Shishar Ɗakinmu

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, rubutun zai ɗan yi tsawo. Kuma 'yan ɗakinmu, na san za ku gani, ba da ku kaɗai nake ba.

Hutun da ya wuce ina gida Nguru, Hajiyarmu ta sa ni kwashe tarkacen ɗakin marigayi kakana. A ƙasan wata tsohuwar adaka na ci karo da lofensa, a naɗe cikin tsumma. Wallahi ina kwancewa warin tabar ya buge ni, kamar jiya ya ajiye. Mutumin da ya shekara goma sha a ƙasa!

Kakan nawa awon gyaɗa ya yi a kusa da tashar jirgin ƙasa, wadda layinta ya iso Nguru a 1930. Wani Bakwara da ya yi wa aiki ne ya ba shi lofen. A jikinsa an buga sunan St. Claude, wani gari ne a Faransa da ya shahara da sassaƙa lofe. Da saiwar wani ɗan itace ake yinsa, Turawa na ce masa birayar, yana tsirowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kuma an zaɓe shi ne don wuta ba ta saurin cinsa. Har yau akwai masu tara irin waɗannan tsofaffin, ana ciniki da kuɗi mai kauri, musamman na Dunhill da Peterson. Na kakana dai bakinsa duk shaidar haƙori ne, ba mai saye.

Abin da nake tunawa shi ne yadda yake sha. Bayan la'asar, a ƙofar gida, shi kaɗai. Ya murmushe busasshen ganyen tabar da ya sayo a kasuwa, ya danna da babban yatsa, ya kunna ashana. In muka matso sai ya ce, "Kai, ja can! Wannan ba abin kirki ba ne, ni ma kama ni ta yi." Bai taɓa miƙa wa yaro ba. Bai taɓa kiranta da wani suna ba. Taba ce, ya ce taba ce. Kuma tari bai bar shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, Allah ya jiƙansa.

To, mu dawo Gashua, inda muke karatu.

A ɗakunan haya na ɗalibai, ka shiga wani ɗakin ka tarar da tukunyar shisha a tsakiya kamar ita ce mai gidan. Mutum shida, tiyo ɗaya. Wannan ya ce shi sai mai ƙamshin tuffa, wancan ya ce na'ana'a, wani ya ce a haɗa da kankana. Ana musu a kan haɗi kamar masu zaɓen turare. Kuma cikinsu akwai wanda in ka miƙa masa karan sigari sai ya ce ka raina masa tarbiyya. "Haba malam, ni ba na shan taba, fulebo ne kawai."

Nan ne inda nake da magana. Abin da ke cikin kaskon nan ganyen taba ne, aka jiƙa shi da zaƙi da ƙamshi. Nikotin ɗin da ya kama kakana yana ciki. Batun wai ruwa yana tace dattin, ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa kake iya zuƙa har can ƙasan huhu ba ka ƙware ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2005 cewa a zaman shisha na awa ɗaya mutum kan iya shaƙar hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau ɗari zuwa ɗari biyu. Sannan ga gawayin da ke ci a sama, wanda ke fitar da iskar nan mai guba marar wari, irin ta hayaƙin janareta.

Wannan na ƙarshen da idona na gani. Lokacin sanyin bara, an rufe ƙofa da taga ruf, har an toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada mai gida ya ji ƙamshi. Ni ina gefe da littafi, kaina na sarawa, na ɗauka yunwa ce. Wani abokinmu ya miƙe zai fita, sai ji muka yi tim! Muka jawo shi waje, aka yayyafa masa ruwa, da ƙyar ya buɗe ido. Abin da ya fi ba ni haushi, ba wanda ya yarda a kai shi asibiti, don kada labari ya isa gida. Ni ma ban matsa ba, kuma har yau abin yana cina. Da yaron nan bai tashi ba, da wane baki za mu yi wa mahaifiyarsa bayani?

Na san abin da za a ce: "Ustaz ya fara." Ni ba ustaz ba ne, na taɓa zuƙa sau biyu a aji ɗaya don kada a ce ni baƙauye ne. Kuma na fahimci abin da ke jan mutum. Gari ba wurin zuwa, wuta ta ɗauke, karatu ya gundure ka, ga abokai. Hirar ce ke da daɗi, ba hayaƙin ba. Amma hirar nan ba ta yiwuwa a gindin mai shayi?

Doka ma tana nan, ko da ba a jin motsinta. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, kuma a 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya fito ya ce a hana shisha. Sai dai ni ba ɗan sanda nake kira ba. So nake mu daina yi wa sababbin ɗalibai ƙarya. In za ka miƙa wa ɗan aji ɗaya tiyon nan, gaya masa taba ce, ka gaya masa tana kama mutum, sannan ya zaɓa. Kuma don Allah ku buɗe taga.

Lofen na taho da shi makaranta, yana kan teburina. Jiya wani ɗan ɗakinmu ya ɗauka ya shinshina, ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, mutanen da sun sha guba!" Yana faɗa yana hura gawayi.