Mai Ƙaho Uku a Ajin Share Fage

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wata takarda da ke yawo a hannun yara a wasu makarantunmu, ɗauke da zanen wata ƙatuwar dabba mai ƙaho uku da faffaɗan ƙashi a bayan kai kamar faifai, an bar cikinta fari domin a shafa launi. Wasu iyaye na ganin wannan wasa ne da ɓata lokaci. Mu a wannan reshe na Babura ba mu ɗauke shi haka ba.

Sunan dabbar Triceratops, ɗaya daga cikin halittun da ake kira dainoso. Masana sun ƙiyasta ta rayu a yammacin Arewacin Amurka kimanin shekara miliyan 66 da suka shuɗe, tsawonta ya kai mita 8 zuwa 9, kuma ganye take ci. Wani Ba'amurke, Othniel Marsh, ya raɗa mata suna a 1889. Ƙasusuwa aka tono, babu wanda ya san ainihin launin jikinta. A nan daɗin darasin yake: yaron da ya shafa mata kore da wanda ya shafa ja, babu wanda malami zai ce ya yi kuskure. Darussa nawa ne a jadawalinmu suke ba yaro irin wannan dama?

Duk wanda ya koyar a aji ɗaya ya san wahalar riƙon fensir. Yaron da ya saba tsayar da launi cikin layi, yatsunsa sun yi laushi, idonsa da hannunsa sun daidaita kafin a kai shi ga baƙi da wasali. Ya kuma koyi zama kan aiki har ya gama shi. Manya ma ba a bar su a baya ba. Uwar da ta zauna da ɗiyarta bayan magariba suna cike hoto ɗaya, ta shiga karatun yarinyar ko da ita ba ta taɓa shiga aji ba.

Sai dai muna da ƙorafi biyu. Na farko, me ya sa kullum dabbar Amurka? Babura na bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ke cikin wuraren da aka fi samun ƙasusuwan dainoso a Afirka. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, aka tono Nigersaurus, wadda aka sanya wa suna a 1999, mai faɗin baki da haƙora sama da 500. A kusa da Ingal aka samo Jobaria mai dogon wuya. Irin waɗannan ƙasusuwa suna ajiye a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Ko a Sakkwato an tono wata dabbar teku mai kama da ƙadangare, aka kira ta Goronyosaurus da sunan Goronyo, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a can. Ɗan Babura ko Roni da ya ji haka, zai kalli ƙasar da yake takawa da wani ido.

Na biyu shi ne kayan aiki, kuma ya fi ciwo. Manhaja ta tanadi darasin al'adu da fasaha, amma sau da yawa malami ne ke cire kuɗin takarda da fensir mai launi daga albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Kwali ɗaya ba zai wadaci ajin da ya cika maƙil ba. Mun yaba wa malaman da ke rufa wa darasin asiri da gawayi, jar ƙasa, lalle da ruwan zoɓo, amma dabarar malami ba ta ɗauke wa masu riƙe da kasafin ilimi nauyinsu ba.

Saboda haka muna kira da a sanya kayan zane cikin abin da ake raba wa makarantu tare da alli da rajista. Kafin nan, muna roƙon malaman da ke da hannun zane a Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa su zana mana Nigersaurus da Jobaria a takarda, su miƙa wa sakataren reshe, domin a buga a raba wa azuzuwa a zango mai zuwa.