Ko Alƙaluma Sun Isa Su Zaɓi Ɗalibi?

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, a kan wannan karin magana manyan jami'o'in Amurka suka daɗe suna kafa hujja wajen ɗaukar ɗaliban da za su yi karatun digiri na biyu da na uku. Suna duban makin da mutum ya ci a jarrabawar shiga, su haɗa da makin digirinsa na farko, su buga lissafi, sa'an nan su ce ga yadda zai yi in an ɗauke shi. Tun da yake ku malamai da akawuna ba ku rabuwa da aikin ba da maki da jera sunaye, ya kamata mu zauna mu duba wannan lissafi, mu ga inda yake da gaskiya da inda yake rinjayar mutane a banza.

Jarrabawar da aka fi sani ita ce GRE. An soma ta cikin 1936, jami'o'i huɗu ne suka fara gwada ta, watau Harvard da Yale da Princeton da Columbia. Daga baya ta koma hannun wata hukumar jarrabawa mai suna ETS, wadda aka kafa cikin 1947. Tun daga 1 ga watan Agusta 2011 makin sashen harshe da na sashen lissafi yana kamawa daga 130 zuwa 170 ne. 'Ya'yanmu da ke neman karatu a can su ma sukan zauna mata.

Shi kuwa lissafin, sunansa a bakin Turawa rigireshan, mu kuwa mu kira shi lissafin hasashe mai ma'auni da yawa. Kada sunan ya tsorata ku, gama manomi ma yana yinsa da ka. In ka tambaye shi dami nawa zai samu, ai zai dubi faɗin gonar, da yawan takin da ya zuba, da yadda damina ta yi, ya ba kowanne nauyinsa. Haka masu lissafi ke yi. Sai su ɗauko takardun tsofaffin ɗalibai, su rubuta makin harshe da makin lissafi da makin digirin farko na kowane ɗaya, a gefe kuma su rubuta abin da ya samu bayan ya shiga. Daga nan su nemi nauyin da za a ba kowane ma'auni, yadda in an ninka, aka tara, amsar za ta fi kusa da abin da ya auku. Kuskuren kowane ɗalibi akan ninka shi da kansa, a tara duka, nauyin da ya ba da jimla mafi ƙanƙanta shi ake ɗauka. Wani Bafaranshe, Legendre, shi ya fara buga wannan dabara cikin 1805. Francis Galton na Ingila ya yi aiki da irinta cikin 1886 sa'ad da ya gwada tsawon iyaye da na 'ya'yansu, Udny Yule kuma ya haɗa ma'auni da yawa cikin 1899 yana binciken dalilan talauci a Ingila.

To, yaya ƙarfin hasashen yake? Akwai wani awo na dangantaka da ke kamawa daga 0 zuwa 1. In ya zama 1, hasashe bai kuskure ko kaɗan ba, in ya zama 0, daidai yake da cacar makaho. Wasu masana uku, Kuncel da Hezlett da Ones, sun tattara bincike masu ɗimbin yawa cikin 2001, suka nuna lalle makin GRE yana da dangantaka da makin karatun gaba, amma matsakaiciya ce. Ku lura da wannan, malamai: in awon ya zama 0.3, a ninka shi da kansa ya ba da 0.09, watau kashi 9 cikin 100 kaɗai na bambancin da ke tsakanin ɗalibai lissafin ya bayyana. Sauran kashi 91 yana can cikin himma, da lafiya, da halin malamin da ya riƙe ɗalibi, da abin da ke cikin aljihunsa.

Da jin haka wasu sai su ce a jefar da lissafin, a bar manyan malamai su gana da yaro su duba shi da ido. Ni ban goyi bayan wannan ba, ga kuwa dalilaina biyu.

Na farko, awon yakan fito ƙarami ne domin waɗanda aka ɗauka kaɗai ake iya aunawa. Wanda aka ƙi ba shi da makin da za a gwada. Robert Thorndike ya ba da misali mai kyau cikin 1949. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan saman Amurka sun ɗauki mutum 1,036 koyon tuƙin jirgi ba tare da duban abin da suka ci a jarrabawa ba. Cikin dukansu awon dangantaka ya kai 0.64, amma da aka ware mutum 136 waɗanda da su kaɗai za a ɗauka bisa ƙa'ida, sai ya faɗo 0.18. Jarrabawa ɗaya ce, mutanen da aka auna ne suka yi kama da juna ƙwarai. In ka tsince manyan raguna zalla, ai girma ba zai ƙara bambanta maka kuɗinsu ba.

Na biyu, idon mutum ya fi lissafi kuskure. Paul Meehl ya nuna haka cikin littafinsa na 1954, inda ya gwada hukuncin gwanaye da na lissafi, ya tarar galibi lissafi yakan yi daidai da su ko ya fi su. Robyn Dawes kuma ya bi sawun ɗalibai 111 a Jami'ar Oregon. Hasashen lissafi ya ba da 0.38, ra'ayin kwamitin ɗaukar ɗalibai kuwa 0.19 kurum. Mutum yakan gaji, yakan ji yunwa, kyan riga da daɗin baki sukan ja shi, balle a zo ga batun ɗan wane da ƙanen wane. Lissafi bai san gidan kowa ba, wannan kuwa ba ƙaramin gata ba ne ga ɗan talaka.

Amma fa kada a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Maki shi ake hasashe, maki kuwa ba shi ne iyakar ilmi ba. Cikin 1997 Sternberg da Williams sun duba ɗaliban sashen nazarin halayyar ɗan Adam a Yale, suka ga GRE ta ɗan nuna makin shekarar farko, amma ba ta faɗi abin kirki ba a kan ingancin binciken da ɗalibi zai rubuta a ƙarshe. Ban da wannan, nauyin da aka samo daga ɗaliban wata jami'a ba lalle ne ya dace da na wata ba, har ma a jami'a ɗaya yakan rage ƙarfi in an gwada shi a kan sababbin ɗalibai. Ga kuma yaron da ya tashi a makarantar da ba littattafai: makinsa yana auna rashin da ya sha tare da hankalinsa, lissafin kuwa ba ya iya raba su. Irin waɗannan dalilai, da wahalar annobar 2020, su suka sa sassa da yawa na jami'o'in Amurka suka daina wajabta GRE.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai riƙe da alƙalamin zaɓe, ko a can ko a nan gida inda hukumar JAMB take shirya jarrabawar shiga jami'a tun kafa ta cikin 1978. A yi lissafin da takardun ɗaliban makarantar da za ta yi aiki da shi. A sake gwada shi kowace shekara a kan sababbin shiga, in ya gaza a gyara. A bayyana wa jama'a ma'aunai da nauyinsu, don mai nema ya san da mudun da aka auna shi. Kada a yanke wa mutum hanya don bambancin maki ɗaya ko biyu, gama kuskuren lissafin ya fi wannan tazara faɗi. Waɗanda suka faɗo a kan iyaka a karanta aikinsu da natsuwa, wanda kuma ya ƙetare jerin lissafi ya ɗauki wani, to, ya rubuta dalilinsa ya sa hannu.

Kujerar karatu guda ɗaya tana iya juya arzikin gida ɗungum. Wanda aka ba amanar raba ta, ya kamata ya riƙe lissafin nan ya san iyakarsa, ya kuma yarda a bincika aikinsa ran da aka tambaye shi don me ya ɗauki wane ya bar wane.