Yaron da ya sunkuyar da kai ba raina ka ya yi ba

A lakwal-lakwal ɗinmu na Yamai, babu laifin da muke saurin ɗora wa yaro kamar "rashin ladabi". Amma ladabin wane gida muke nufi?

A gidan Bahaushe, yaron da ake yi wa faɗa ya ɗaga ido ya kalli babba, shi ne marar kunya. An koya masa ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Sai ya shigo aji, mushe ya daka masa tsawa: "Kalle ni in ina magana!" Mu da muka fito daga makarantar horon malamai, tsarin Faransa muka gada, inda kallon ido alama ce ta gaskiya, kau da kai kuwa ɓoye laifi. Yaro ɗan shekara takwas ya rasa wanne zai bi. In ya bi uwarsa, ya sha hukunci a aji. In ya bi malam, ya sha mari a gida.

Iyayenmu sun san "sambol", abin da ake rataya wa ɗalibin da ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a lakwal. A lokacin, harshen uwa ma rashin ɗa'a ne. Ga shi a watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Yaron bai canja ba, dokar ce ta canja.

Haka wasan barkwanci, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bagobiri ya ce wa Bazabarme bawansa, a kasuwa dariya ake yi. A farfajiyar makaranta, darektan da bai san asalin yaran ba sai ya kira iyaye.

Ba cewa nake komai daidai ba ne. Zagin malami, dukan ɗan'uwa, satar amsa, babu al'adar da ta wanke su. Abin da nake roƙon 'yan'uwana malamai shi ne, kafin mu rage wa yaro makin ɗabi'a, mu tambaye shi yadda ake yi a gidansu. Ku kuma iyaye, ku gaya wa yaranku tun ranar farko cewa a aji an yarda su ɗaga kai su yi tambaya.